Kaka a Kurmin Bakin Gulbi: Abin da Itatuwa Suke Gaya wa Manomi

  

Idan kaka ta zo, hankalin kowa yana gona. Ana yankan hatsi, ana ɗaurin damma, ana roron wake, ana gyaran rumbu. Ba kowa yake ɗaga kai ya dubi itatuwa ba. Alhali kuwa a wannan lokaci itatuwa suna canza kama mako bayan mako, kuma kowane canji yana da abin da yake gaya wa manomi game da gonarsa da lafiyar iyalinsa.

Bana mun yi niyya mu duba da idonmu. Mun fita tare da ɗaliban wani ajin yaƙi da jahilci na unguwar Zariya, a nan cikin birnin Maraɗi, maza da mata. Muka ratsa gari, muka gangara fadama, muka zaɓi wani ɗan kurmi a bakin gulbi, ta wajen hanyar Jiratawa. Akwai kuka a wurin, akwai gawo, da kalgo, da magarya, da aduwa, da sabara. Mun je sau huɗu, daga ƙarshen Satumba zuwa Disamba. Kowane ɗalibi ya riƙe littafinsa da alƙalaminsa, ya rubuta kwanan wata da abin da ya gani. Ga abin da muka samo.

Wurin da muka zaɓa

Gulbin Maraɗi yana tasowa daga ƙasar Katsina, a Nijeriya. Ya shigo Nijar, ya bi ta wajen Madarumfa da Jiratawa, ya wuce ta gefen Maraɗi, ya nufi Tibiri, sannan ya sake komawa Nijeriya. Da damina kaɗai yake gudu. Ruwan saman da muke samu a Maraɗi kusan milimita 500 ne a shekara, kuma yawancinsa tsakanin Yuni da Satumba yake sauka. Sauran watanni takwas, itace sai ya nemi dabarar zama da ƙishirwa.

Tsohon garin Maraɗi a cikin wannan fadama yake. Ambaliyar shekarar 1945 ce ta rushe shi, mutane suka hau tudu. Dattawa suna ba da labarin cewa a da fadamar duhu ce, don yawan manyan itatuwa. Yau saura ƴan kurmi nan da can, tsakanin gonaki da lambuna. Ɗaya daga cikinsu muka je dubawa.

Zuwa na farko: ƙarshen Satumba

Mun tarar da komai kore shar. Ciyawa ta kai gwiwa, ƙarangiya ta fara kama riga. Kuka ta cika da ganye, kalgo da magarya sun ɗauki ƴaƴa ɗanye. Ƙasa tana da laima, kuma akwai kududdufai a cikin gulbi. Sauro ya yi yawa ƙwarai, har da rana.

Itace ɗaya ne ya fita daban. Gawo yana tsaye fari fat, rassansa tsirara, kamar busasshe. Wani matashi cikin ɗalibai ya rubuta a littafinsa cewa gawo ya mutu. Muka ce masa ya bar rubutun yadda yake, kada ya goge, mu dawo mu gani.

Abin da wannan lokaci yake gaya mana shi ne, a tsinki ganyen kuka tun yana kore. Wanda ya jira ganye ya yi rawaya ya makara. A shanya shi a inuwa, a bisa tabarma mai tsabta, inda iska take ratsawa. Ganyen da aka shanya a rana tsaka yana kodewa, kuma wani amfaninsa yana raguwa. Ganyen kuka yana da sinadarin da yake ƙarfafa ƙashi da wanda yake taimakon jini. Haka ma zogale, wanda mutanen Jiratawa suka shahara da nomansa. A daka, a tankaɗe, a zuba a mazubi mai murfi. Miyar rani ke nan. Amma a tsinka da hannu ko da gora, kada a sassare rassan kuka duka. Kukar da ake yi wa aski kowace shekara ba ta ba da ƴaƴa sosai.

Kududdufan kuma gargaɗi ne. Ɗaukewar ruwan sama ba ita ce ƙarshen zazzaɓin cizon sauro ba. Watannin Satumba da Oktoba suna cikin waɗanda ya fi kwantar da yara. Kada a naɗe gidan sauro don an ga damina ta wuce. Maganin rigakafin da ake rabawa yara ƴan wata 3 zuwa shekara 5 da damina, a ba su shi cikakke har zagaye na ƙarshe. Yaron da jikinsa ya yi zafi, a kai shi likita a ranar, a gwada jininsa. Kada a ce sai an gama aikin gona.

Zuwa na biyu: tsakiyar Oktoba

Mako uku kawai, amma wurin ya canza. Ciyawa ta fara fari. Ganyen kuka ya soma rawaya, yana faɗuwa ɗaya ɗaya. Shamuwa ta tafi. Kowa ya san zuwanta albishir ne na damina. Tafiyarta kuma alama ce cewa ruwa ya ɗauke. Kudu take nufa, har gabashi da kudancin Afirka, inda damina take farawa a lokacin da tamu take ƙarewa.

Gawo kuwa, sai ga ƙananan ganye suna ɓullowa a rassansa. Matashin nan ya buɗe littafinsa, ya karanta abin da ya rubuta a Satumba, aka yi dariya, shi ma ya yi. Ya rubuta a ƙasa cewa gawo yana da rai. Amfanin rubutu ke nan. Baki yana iya musu, takarda ba ta mantuwa.

Wata ɗaliba ta tambaya me ya sa itace yake zubar da ganye. Ga amsar. A jikin kowane ganye akwai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ta nan itace yake shan iska, ta nan kuma ruwan jikinsa yake fita, kamar zufa. Idan ƙasa ta bushe, saiwa ba ta samun ruwan da zai maye wanda ya fita. Sai itace ya janye abincin da yake cikin ganye ya ajiye a jikinsa, koren ya kode, ganye ya faɗi. Kamar maigida ne da ya ga rumbu ya yi ƙasa, ya rage awo. A ƙasashen sanyi irin Faransa, sanyi da gajartar yini suke sa ganye ya zube. A wurinmu ƙishirwa ce.

Shi gawo saiwarsa tana nutsewa ƙasa da nisa, har ta kai ga ruwan da sauran itatuwa da yawa ba su kai gare shi. Don haka rani bai dame shi ba. Yana zubar da ganye da farkon damina, ya fitar da sabo da kaka. Wannan hali nasa alheri ne ga manomi ta hanya uku. Na ɗaya, ganyensa yana faɗuwa daidai lokacin shuka, ya ruɓe, ya zama taki. Na biyu, ba ya yi wa hatsi inuwa da damina. Na uku, da rani bisashe suna hutawa a ƙarƙashinsa, suna cin ƴaƴansa, suna barin kashi a gona. Shi ya sa hatsin gindin gawo ya fi na fili tsawo da kauri. Kowa ya duba gonarsa zai gani. Sarakunan Damagaram na da sun san haka, har suka hana saran gawo a ƙasarsu.

Zuwa na uku: Nuwamba

Mun fita da sassafe, da ɗan sanyi. Iska ta juya, tana busowa daga arewa maso gabas. Kududdufai sun ƙafe, gulbi ya zama rairayi. Kuka ta tuɓe gaba ɗaya, sai ƴaƴanta suna reto. Magarya ta fara ja, yara suna ta tsinka. Ƴaƴan kalgo sun yi duhu. Sabara da aduwa suna nan da ganyensu. Gawo ya cika da ganye, ya yi fure, ƙudan zuma suna ta kai da kawowa a kansa. A ƙasa kuwa busasshen ganye ya rufe ko'ina, ana taka shi yana ƙara.

Wani dattijo cikin ɗalibai ya sa sanda ya ɗaga ganyen. A ƙarƙashi ƙasa tana da taushi da sanyi, gara ta huda ta ko'ina. Muka taka zuwa fili, inda babu ganye, muka tarar ƙasa ta yi tauri kamar daɓe. Nan kowa ya gane da kansa. Ganyen da ya faɗi bargo ne ga ƙasa. Yana hana iska kwashe ta, yana tare ƙurar da hunturu yake kawowa. Gara tana jan ganyen cikin ƙasa, kuma ramukanta su ne hanyar da ruwan damina yake bi ya shiga, maimakon ya gudu.

Amma a ranar mun ga abin baƙin ciki. A zuwanmu na Oktoba mun sami ƙananan tohon gawo da kalgo guda 12 a gefen kurmin. Da izinin mai gonar da take wurin, muka ɗaura wa kowane ƙyalle, don a san ana renonsu. Da muka dawo, wuta ta ci wannan gefe. An ce masu neman gafiya ne suka sa ta. Bakwai cikin 12 sun ƙone ƙurmus. Ciyawar da za ta ciyar da awaki har bazara ta zama toka, iska tana ɗauka. An ƙona abincin wata da watanni saboda naman dare ɗaya.

Ɗalibai suka yi shiru. Dattijon nan ya ce shi ma shekara da shekaru yana tara kara da ganye ya ƙona a gonarsa, yana ganin tsabta ce. Mu ma da muke wannan rubutu haka muka taso muna yi a gonar mahaifinmu. Ba mu san taki muke ƙonawa ba.

Zuwa na huɗu: Disamba

Hazo ya sauka, rana ta yi fari. Leɓe yana tsagewa, kaushi ya fito. Kurmin ya yi haske, ana hango nesa ta tsakanin rassa. Aduwa tana faɗowa, ƴaƴan kalgo sun bushe, mata suna tarawa a buhu don bisashe. Gawo kaɗai ya yi duhu da ganye, ƙananan ƴaƴansa sun fara fitowa. Sai can cikin rani za su nuna, lokacin da ciyawa ta ƙare kuma tumaki suka fi bukata. Shanun makiyaya sun fara ratsowa.

Muka je gefen da ya ƙone. A gindin uku daga cikin waɗanda wuta ta ci, sabon toho ya leƙo daga ƙasa. Sama ta ƙone, saiwa tana da rai. Wannan shi ne babban darasin da muka samu a kurmin, kuma jiharmu ta Maraɗi ta riga ta koya wa duniya shi.

Dajin da yake ƙarƙashin ƙasa

Bayan farin shekarun 1973 da 1984, gonakin jihar Maraɗi da yawa sun zama fili fetal. Iska tana binne shuka da rairayi, sai an sake shuka sau biyu ko uku. Mata suna tafiya mai nisa neman itacen girki. An yi ta dasa itatuwa, yawancinsu suna mutuwa.

A shekarar 1983 wani ma'aikacin gona ɗan ƙasar Ostireliya, Tony Rinaudo, yana aiki a Maraɗi. Ya lura cewa ƴan ƙananan sabara da kalgo da ake sassabewa kowace shekara toho ne daga kututturen tsofaffin itatuwa, masu saiwa mai zurfi. Ba su bukatar ban ruwa. Abin da suke bukata a rage musu yawa, a kuma bar su. Shi da manoman karkarar Maraɗi suka gwada. Da farko an yi wa masu yi dariya, ana cewa gonarsu ta ƙazanta. Da aka ga sun sami itacen wuta da abincin bisashe, kuma iska ta daina binne musu shuka, sai maƙwabta suka ɗauka. Wannan shi ne sassaben zamani.

Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya manoman Nijar sun rayar da itatuwa kusan miliyan 200, a fili kusan hekta miliyan 5, yawanci a jihohin Maraɗi da Damagaram. A shekarar 2018 an ba Tony Rinaudo babbar lambar yabo a ƙasar Suwidin saboda wannan aiki. A shekarar 2020 gwamnatin Nijar ta fitar da doka a kan renon toho a gonaki, wadda ta amince da haƙƙin manomi a kan itacen da ya rena. Amma gawo yana cikin itatuwan da doka ta kare. Kafin a sare babba, sai an nemi izinin ma'aikatan gandun daji.

Ranar 3 ga Agusta muna dasa itatuwa, kuma abu ne mai kyau. Sai dai dashe yana son ruwa da shinge. Toho kuwa yana nan a gonarka, kyauta.

Yadda ake yi

Bayan an kwashe amfanin gona, fili yana buɗewa, ana ganin kowane kututture. Lokacin zaɓe ke nan.

1. Zaga gonarka, ka ƙidaya kututturen da suke toho. Rubuta sunansu da yawansu a littafi.
2. Zaɓi waɗanda kake so: gawo don taki, kalgo don bisashe, magarya da aduwa don ƴaƴa, sabara don itacen wuta.
3. A kowane kututture, bar rassa uku zuwa biyar waɗanda suka fi ƙarfi da miƙewa. Sare sauran.
4. Rage ƙananan rassan gefe, daga ƙasa zuwa rabin tsawo. Kada ka taɓa kan.
5. Yi aiki da adda ko gatari mai kaifi. Sara daga ƙasa zuwa sama, don kada ɓawo ya yage.
6. Ɗaura ƙyalle, alamar mai shi. Ƙayar da ka sare, kewaye tohon da ita saboda awaki.
7. Koma bayan ƴan watanni ka sake ragewa. Abin da ka rage shi ne itacen girkin gida.

Mutum ɗaya ba ya iya tsare itace shi kaɗai. A zauna da mai gari, da mata masu neman itace, da makiyaya, a yi magana tun kafin ranar da hukuma take sakin gonaki. A bar burtali a buɗe. Makiyayi yana son ƴaƴan gawo, manomi yana son taki. Idan an fahimci juna, kowa ya samu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Lafiya a ƙarshen kaka

Maciji yana son tarin ganye, da ƙarƙashin damma, da tarin kara. A sa takalmi, a fara taɓawa da sanda kafin a sa hannu. Idan ya sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A cire zobe da awarwaro, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutumin zuwa likita nan da nan.

Ƴaƴan itace abinci ne, ba na yara kaɗai ba. Garin ƴaƴan kuka yana da sinadarin da yake cikin lemun tsami, mai taimakon jiki wajen yaƙi da cuta. A dama shi a kunu ko fura. Magarya a shanya, a daka, a ajiye. Abin da aka tsinta a ƙasa, a wanke kafin a ba yaro.

Hunturu yana zuwa da mura da tari. A sa wa yara riga mai kauri safe da dare. Kada a kwana da wuta ko gawayi a ɗaki rufe, hayaƙinsa yana kisa. Yaron da yake numfashi da sauri, ko haƙarƙarinsa yana shiga ciki, a kai shi likita. Daga wannan lokaci har zuwa zafin bazara ne sanƙarau yake ɓulla. Alamunsa zazzaɓi mai zafi, da ciwon kai, da sanƙarewar wuya. Ba a jira da shi, ko da dare ne. Idan an kira rigakafi, kowa ya fito da iyalinsa.

Aiki ga masu karatu

Mun kai wannan labari azuzuwan Tibiri da na Jiratawa, kuma ɗalibai sun ce za su gwada. Kai ma kana iyawa, ke ma kina iyawa. Ba sai an je bakin gulbi ba. A zaɓi itace uku kusa da gida ko gona. Kowace Juma'a a duba su, a rubuta kwanan wata da layi ɗaya. Misali: 14 ga Nuwamba, magarya ta yi ja. Ko kuma: 5 ga Disamba, kalgo ya bushe. Bayan shekara, littafin zai gaya maka lokacin tsinkar kuka, da lokacin tara ƴaƴan gawo, da lokacin da ya kamata a share gefen gona saboda wuta. Hannu kuma zai saba da alƙalami.

Mai gonar da take gefen kurmin ya share ciyawa kewaye da tohon da suka rage, biyar da wuta ba ta taɓa ba, da ukun da suka sake fitowa. Ɗalibanmu sun rubuta takwas a littattafansu. Mun yi alkawari za mu koma da bazara mu ƙidaya, kuma za mu gaya muku abin da muka tarar.

Allah ya ba mu lafiya da zaman lafiya, ya kai mu damina mai albarka. Amin.